Bunsurun da Ya Koyi Gurnani

To, kowa ya gyara zama. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta. Yawwa, haka ake amsawa, ba can ƙasan maƙoshi ba kamar waɗanda aka hana tuwo.

Wani bunsuru ne a wani gari, ja wur, sunansa Jatau. Yana da gemu, yana da ƙaho, yana da ɗan warinsa daidai gwargwado. Duk abin da ake nema wurin bunsuru yana da shi, sai abu ɗaya da Allah ya rage masa, wato murya. In ya buɗe baki sai ka ji "meee" 'yar siririya, har ka waiwaya kana neman inda aka yi haihuwa. Ko kaza ba ta matsa masa a hanya.

Matarsa wata akuya ce mai suna Tasalla, tana da tsohon ciki, kuma cikin ya zo mata da kwaɗayi. Aka kawo dusa, ta kau da kai. Aka kawo harawa, ta ce wari take mata. Aka kawo ganyen wake ɗanye shar, sai ta fashe da kuka. Ita dai 'ya'yan gawo take so, jajayen nan murɗaɗɗu masu garɗi.

Ta ce, "Malam, ni fa ba zan haihu a gidan da aka kasa samo mini 'ya'yan gawo ba. In ba ka kawo ba, gidanmu zan tafi."

Sai Jatau ya miƙe nan take, don yana son Tasalla, so ba na wasa ba.

To, gawo ɗaya ne tak a bayan garin, kuma yana da masu shi. Jaki na tsaye ta gabas yana tsinta. Sa na kwance ta yamma yana tuƙa. Raƙumi kuwa ƙafafunsa kaɗai ake gani, kansa na can sama cikin rassa.

Sai Jatau ya je ya yi sallama, ya ce, "Bayin Allah, ko za a ɗan matsa mini? Mai ɗakina ce ba ta jin daɗi."

Jaki ya juya masa baya ya sakar masa kofato a haƙarƙari. Sa ya hura hanci, ya ci gaba da tuƙa. Raƙumi bai ma san an yi magana ba. Jatau ya juyo hannu rabbana, yana ɗingishi, yana tunanin abin da zai gaya wa Tasalla.

Hanyarsa ta biyo ta rumfar mahauta. Sai ya ga wani tsohon kare kwance, idanu a rufe, ƙashi na gabansa. Ungulu ta sauko tana tafiyar nan tata ta rashin gaskiya, ƙananan karnuka na biye da ita. Tsohon bai tashi ba, bai buɗe ido ba, bai ma buɗe baki ba. Daga can cikin wuyansa kawai aka ji, "Gurrr." Sai ungulu ta tashi sama, karnukan suka watse.

Jatau ya saki baki. Ya matso ya durƙusa, ya ce, "Baba, sannu da hutawa. Don Allah mene ne wannan da ka yi?"

Kare ya ce, "Gurnani."

"Shi ne haushi?"

"Kai, ina! Haushi aikin yara ne. A baki ake yinsa, a yi ta wage-wage ana tara jama'a. Wannan daga ƙasan maƙogwaro yake tasowa. Ba a ɗaga murya, ba a maimaitawa da yawa."

"Baba, ka koya mini."

Sai Kare ya buɗe ido ɗaya ya dube shi tun daga ƙaho har kofato. Ya ce, "Kai da kake cin ciyawa, wa za ka yi wa gurnani? Ciyawar?"

Jatau ya kwashe labari ya gaya masa, har da kofaton Jaki. Sai Kare ya ce akwai wata kaska a tsakiyar bayansa inda ƙafarsa ba ta kaiwa, in Jatau zai sosa masa da ƙaho, to sun daidaita. Jatau ya sosa, ya sosa, har tsohon ya fara lumshe ido yana harba ƙafa. Aka shiga karatu.

Kare ya ce, "Rufe baki. Tura iska ƙasa. To, saki."

Jatau ya saki, sai ga gyatsa, mai warin harawar jiya.

Kare ya kau da hanci ya ce, "Wannan daga ciki ya fito, ya yi ƙasa da yawa. Sake."

Jatau ya sake, sai ga minshari.

Kare ya ce, "Wannan daga hanci ne, ya yi sama da yawa. Da shi sai dai ka kori barcin maƙwabta. Kawo kanka nan."

Sai ya tura kan Jatau cikin wani tsohon tulu da aka yar, ya ce, "Ka tuna wanda ya fi ɓata maka rai a duniya, kuma kada ka buɗe baki."

Jatau ya tuna Jaki. Ya tuna yadda ya juya masa baya ko amsa sallama babu. Sai wani abu ya taso masa daga ƙirji, ya tsaya a maƙogwaro, ya kama rawa. "Gurrrrr!" Tulun ya dare gida biyu. Tsohon Kare da kansa ya miƙe zumbur ya manta da tsufa.

Ya ce, "Gurnani ya zauna. To, yanzu tsaya in gaya maka inda ake yinsa da inda ba a..."

Ina! Jatau ya riga ya yi nisa, ko godiya bai tsaya yi ba.

Sai ya isa gindin gawo ya tsaya gaban Jaki.

Jaki ya ce, "Kai ne kuma? Ba ka daddara ba?"

Jatau ya ce, "Gurrr."

Jaki ya miƙe kunnuwa. Ya duba dama, babu zaki. Ya duba hagu, babu damisa. Ya dubi Jatau ya ce, "Kai, me ka haɗiye?"

"Gurrrr."

Sai Jaki ya ɗaga wutsiya ya zura da gudu, yana kuka ta gaba yana tusa ta baya.

Sai Jatau ya zagaya wurin Sa.

Sa ya ce, "Yaro, ka dube ni da kyau. Ni ba Jaki ba ne."

"Gurrr."

Sa ya daina tuƙa. Ya ce, "Ni dama ina da niyyar tashi. Rana ta fara kawowa nan." Ya miƙe a hankali, ya tafi yana taku ɗai-ɗai irin na manya. Yana shan kwanar wani suri, sai aka ji ƙasa na girgiza, ashe gudu ya sa.

Sai Jatau ya tsaya tsakanin ƙafafun Raƙumi ya tattaro duk ƙarfinsa. "Gurrrrr!"

Raƙumi ya sauko da kansa daga cikin rassa, ganye a baki, ya ce, "Wa ke ciwon ciki a ƙasa?"

"Gurrr."

"Au, Jatau, ni kake yi wa? Ni da ban taɓa taka ka ba ko da kuskure?" Raƙumi ya tofar da ganyen. "Ni ba tsoro nake ji ba, rashin kunya ce ba na so. Ga bishiyarka nan." Ya juya ya nufi fadama yana taunar baƙin ciki.

Kai, ku zo ku ga Jatau! Ya zagaya gawon yana taƙama, ya kwanta inda Sa ke kwanciya, ya tashi ya yi birgima inda Jaki ke tsayawa. 'Ya'yan gawo 'yan kaɗan suka rage a ƙasa. Ya ce a ransa bari ya ɗanɗana ɗaya ya ji ko sun dace da mai ciki. Ya ɗanɗana. Ya ƙara ɗaya don ya tabbatar. Kafin ya gama tabbatarwa, ƙasa ta yi fes. Bai damu ba, ya ce ai wasu za su zubo, kullum zuba suke yi.

Ya zauna jira. Shiru. Ya ɗaga kai, sai ga su can sama reshe-reshe, jajaye, suna lilo, ko ɗaya bai da niyyar saukowa. Ya yi tsalle, bai kai ko rabin gindin ba. Ya ja da baya ya tunkuyi bishiyar, kansa ya yi ƙara, bishiya ko gezau. Ya yi mata gurnani, to ita gawo ina ruwanta.

Nan fa abin ya faɗo masa. Tunda yake zuwa wurin nan, bai taɓa ɗaga kai ya ga abin da ke sa 'ya'yan zuba ba. Ashe Raƙumi ne. In ya fizgi ganye a sama, reshe ya girgiza, na ƙasa su samu. Shi Jatau, da hankalinsa da gemunsa, ya kori mai girgiza bishiya.

Sai ya ruga fadama ya sami Raƙumi. Ya durƙusa, ya shirya kalmomi masu daɗi, zai ce, "Dogo, ka yi wa Allah ka yi haƙuri." Ya buɗe baki.

"Gurrr."

Ya yi gyaran murya, ya sake. "Gurrrr."

Ashe abin ya kama maƙogwaro ya zauna daram, ya toshe tsohuwar muryar.

Raƙumi ya ce, "Har nan ka biyo ni? To, na bar maka fadamar ma." Ya ƙara gaba.

Jatau ya koma gida ba gawo ko ɗaya. Tasalla na bakin ƙofa tana jira.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ina suke?"

Ya so ya yi shiru. Amma ya ga yadda ta rame, ya ga idonta ya faɗa, sai tausayi ya kama shi, ya ce bari dai ya ba ta haƙuri.

"Gurrr."

Tasalla ta dafe ƙirji. "Ni? Ni ka yi wa gurnani? A ɗakina, da cikin nan a gabana? Ba ka kawo gawo ba, kuma ka zo kana mini halin karnuka?"

Sai ta naɗe tabarmarta, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta kama hanya. Ya bi ta yana hawaye yana kiran sunanta, kowane kira na fitowa gurrr, ita kuwa tana ƙara sauri.

Da gari ya waye sai ya ce biko ya kama shi. Ya taje gemu, ya yi wanka iyakar wankan da bunsuru ke yi, ya ɗauro ganyen wake mai kyau, ya nufi gidan surukai. Ya durƙusa a ƙofar zaure ya sunkuyar da kai.

Surukinsa, wani tsohon bunsuru mai ciwon gwiwa, ya fito yana dogara sanda. Ya ce, "A'a, Jatau ne? Shigo mana, ai gida ne. Tsakanin miji da mata ba a rasa irin wannan. Ina gajiya?"

Ai dole a amsa gaisuwar suruki. Jatau ya lallaɓa muryar, ya sassauta ta, ya sa mata ladabi.

"Gurrr."

Tsohon nan da aka ce ba ya iya tsallake kwata, sai ga shi a kan rumbu, ba wanda ya ga lokacin da ya hau. Surukuwa ta faɗa cikin ƙwaryar dusa. Ƙannen Tasalla suka keta danga ta wurare daban-daban. Tasalla kaɗai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Bai ishe ka ba, sai ka zo ka tarwatsa mini iyaye? Tafi, Malam. Ni ban san wannan muryar ba." Ta saki asabari.

Sai Jatau ya koma rumfar mahauta. Ya tsaya gaban tsohon Kare, ya yi ta nuna wuyansa da ƙafa, ya ce, "Gurrr."

Kare ya ce, "Na ji ka. Cewa ka yi in matsa can."

Jatau ya girgiza kai da ƙarfi. "Gurrr!"

"Yanzu ma abin da ka ce ke nan. Ai abin da na so in gaya maka ke nan ka gudu. Gurnani magana ɗaya ce tak: matsa can. Ba a sallama da shi, ba a roƙo da shi, ba a biko da shi. Mu karnuka shi ya sa muke kaɗa wutsiya, in mun gama kora mu sami abin kira. In kuwa cirewa kake so, ni ban san yadda ake yi ba, don ban taɓa son cire nawa ba."

Ya ɗauki ƙashinsa, shi ma ya matsa can.

Jatau ya rasa inda zai sa kansa, sai ya koma gindin gawo. Inuwa ga ta nan faffaɗa, duk tasa, ba mai tura shi, ba mai harbinsa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Ya kwanta da tsakar rana ya yi ta kuka, kukan na fita gurrr, gurrr, yana ratsa daji.

To, akwai wata Kura a wani kogo can gaba, yunwa ta hana ta barcin rana. Su kuwa masu cin nama, a al'adarsu ba a gurnani a banza, sai in akwai nama a gabanka kana tsaronsa. Sai Kura ta ce lalle wani ya yi sa'a, bari ta je ko za a sam mata. Ta zo tana ɗingishinta, ta tsaya daga nesa cikin ladabi.

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa. A taimaka mana ko da ƙashi ne."

Jatau ya ga Kura, ya maƙale jikin gawo. Ya ce, "Gurrr."

Kura ta ja da baya. "A'a, ba faɗa na zo ba." Ta zagaya ta gabas ta leƙa. Ta zagaya ta yamma ta shinshina. Ta leƙa bayan bishiyar. Sannan ta dawo ta zauna gabansa ta karkata kai.

Ta ce, "Ikon Allah. Na duba ko'ina, nama ɗaya kawai na gani a wurin nan, kuma shi ne yake gurnanin."

Sai ta sunkuyar da kai ta yi nata. Na gaske, irin na gado, wanda ake ji a tafin ƙafa kafin ya iso kunne. Na Jatau ya ji na manya, sai ya tsinke a maƙogwaro ya bi ruwa. Jatau ya zabura zai gudu, Kura ta cafke wutsiyarsa, ya wage baki iya ƙarfinsa.

"Meeeee!"

'Yar siririyar nan ta tashi ta shiga gari. Jaki ya ji, ya ce ba ruwansa. Sa ya ji, ya ce ai mai gurnani ya ishi kansa. Tasalla na kwance a ɗakin uwarta ta ji, sai ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Wannan mijina ne."

Uwar ta ce, "Ke, da cikin nan ina za ki?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta fito da gudu, ciki na rinjayarta dama da hagu. Ta wuce Jaki, ta wuce Sa, ta wuce Raƙumi a bakin fadama, tana faɗin, "Ku zauna, manyan banza! Ni zan je!" Kunya ta kama su, sai suka rufa mata baya.

Amma ita ta fara isa. Ta sunkuyar da kai ta zuba wa Kura ƙaho a ciki. Kura ta waiwayo za ta kama ta, sai Jaki ya iso ya juya baya ya yi abin da ya fi iyawa. Sa ya ɗauki Kurar da ƙaho ya watsar. Raƙumi ya zo a ƙarshe, ya taka ta sau ɗaya, ya ce kuskure ne. Kura ta tsere da rabin wutsiyar Jatau a baki, ita ke nan ribar da ta samu.

Jatau ya tashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar muryarsa yana ba da haƙuri. Da ya zo kan Raƙumi, sai Raƙumi ya ce, "Me ka ce? Ban ji ba." Sai da ya sa shi ya maimaita har kowa ya yi dariya, sannan ya ce, "Ba don kai ba, don mai cikin nan." Ya miƙa wuya ya kama babban reshe ya girgiza. 'Ya'yan gawo suka zubo har suna dukan kawunansu.

Tasalla ta zauna ta ci, ta ci. Jatau na gefe, jini na ɗiga daga guntuwar wutsiya, ko ɗaya bai taɓa ba, ita kawai yake kallo. Da ta ƙoshi sai ta share baki ta miƙe da ƙyar.

Ta ce, "Malam, tashi mu tafi gida."

Ya dube ta. Ya ce a hankali, "Wane gidan?"

Ta harare shi ta ce, "Gida nawa gare ka?"

To, kun ji dalilin da ya sa har yau wutsiyar bunsuru guntuwa ce, kuma in yana bin akuya yana lallashi, za ku ji wani ɗan burbushin gurnani na taso masa a maƙogwaro, ragowar karatun Kare ne da bai gama fita ba. Ku kuma da kuke zumɓura baki kuna amsa wa mutane ta maƙoshi, ku sani korar mutane ba wuya, ko bunsuru ya iya. Ranar da kuke neman a zo, da muryar da aka san ku da ita za ku yi kira.

Ƙurunƙus kan guntuwar wutsiyar Jatau.